Gida, Bishiya da Mutum: Me Zane Ke Iya Faɗa a Kan Halinka?

Gwajin ba ya cin komai sai farar takarda da fensir. Za a ce maka zana gida, zana bishiya, zana mutum. In ka gama, mai gwajin ya karɓi takardar ya ƙura mata ido, sannan ya shiga karanto maka kanka. Gidan da ka zana ba shi da taga, ashe kai mai zurfin ciki ne. Bishiyar ba ta da saiwa, ashe zuciyarka ba ta zauna wuri ɗaya ba. Mutumin ya ɓoye hannuwansa, ashe akwai laifin da ke cin ka a rai. A da sai a asibitin ƙwaƙwalwa ko a ajin jami'a ake gamuwa da irin wannan. Yanzu duk mai waya a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun yana iya cin karo da shi, an yi masa kwalliya da launi, an ce cikin minti biyar za ka san ko kai wane ne. Ɗalibin da ke koyon aikin malanta ma zai same shi a littafin ilimin halayyar ɗan Adam, a babin gwaje-gwajen da ake cewa mutum yana zuba abin da ke ransa a takarda ba da saninsa ba.

Tun da abin ya iso, gara a san asalinsa da nauyinsa. A ganina zane ba ya karanta hali, kuma a ƙasa irin tamu ya fi saurin yi wa mutum ƙazafi. Amma yana da wani amfani na dabam, wanda yaran wannan yanki suke matuƙar buƙata, kuma ina gudun kada shirmen fassara ya ɓata wannan amfanin.

Wadda ta yi fice tun farko wajen mayar da zane gwaji ba hali take nema ba. Florence Goodenough, malama a Jami'ar Minnesota ta Amurka, ta fitar da nata a 1926. A ce wa yaro ya zana mutum, sai a ba shi maki a kan abin da ya sa: kai, ido, hanci, wuya, kunne, yatsu biyar, tufafi, daidaiton hannu da gangar jiki, har maki 51. Hujjarta mai sauƙi ce, kuma da gaskiyarta. Ɗan shekara uku ko huɗu yakan zana ƙaton kai da ƙafafu biyu suna fitowa daga cikinsa, ɗan shekara takwas kuwa ya san akwai wuya da kafaɗa. Girman fahimtar yaro take aunawa. Dale Harris ya faɗaɗa gwajin a 1963, ya ƙara zanen mace.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka juya akalar. Zamani ne da tunanin Sigmund Freud ya mamaye asibitocin ƙwaƙwalwa na Turai da Amurka, ana ganin duk abin da mutum ya yi, tuntuɓen harshe ne ko mafarki, saƙo ne daga wani ɓoyayyen lungu na zuciya. Tun 1921 Hermann Rorschach na ƙasar Suwizalan ya fito da katunansa 10 masu tabon tawada, a nuna maka a ce me kake gani. John Buck a Amurka ya kawo gwajin gida da bishiya da mutum a 1948. A 1949 Karen Machover ta buga littafin da ta bai wa kusan kowane sashe na jiki ma'ana a cikinsa: manyan idanu zargi, ƙaton kai damuwa da basira, maɓallan riga dogaro da uwa, ɓoyayyen hannu jin laifi. A shekarar dai Karl Koch, mai ba matasa shawara kan sana'a a Suwizalan, ya fitar da gwajin bishiya. A 1970 Robert Burns da Harvard Kaufman suka ƙaro na iyali, wato a zana mutanen gida kowa yana wani aiki. Duk abin da ke yawo a waya yau daga waɗannan aka tsakuro shi. Buck shi kansa bai tsaya ga kallon takarda ba, yana da tambayoyi 60 da yake yi wa mai zanen bayan ya ajiye fensir. Tambayoyin nan su masu yaɗa gwajin a waya suka fara zubarwa, alhali su ne suka fi komai amfani a cikinsa.

Daga ina Machover ta samo ma'anoninta? Daga abin da ta gani a wurin aiki, da abin da ya kwanta mata a hankali. Da masu bincike suka zo ƙirgawa, sai abin ya ƙi tsayuwa: masu yawan zargi ba su bambanta da sauran mutane wajen zana ido yadda aka ce ba, haka yawancin sauran alamomin. Duk da haka ƙwararrun da suka yi shekaru suna amfani da gwajin suka dage cewa da idonsu suke gani.

Loren Chapman da matarsa Jean su suka gano bakin zaren a 1967. Sun tara zanen marasa lafiya, suka manna wa kowanne bayanin wata damuwa ta hanyar ƙuri'a, ba ruwansu da wanda ya zana. Suka ba ɗaliban da ba su taɓa jin labarin gwajin ba, suka ce su duba ko akwai alaƙa tsakanin zane da damuwa. Babu alaƙar komai a takardun, tun da da gangan aka hautsina su. Amma ɗaliban suka dawo suna cewa sun lura mai zargin mutane yakan zana ido wani iri, mai damuwa da basirarsa yakan zana babban kai, wato daidai abin da ƙwararrun ke faɗa. Alaƙar a kan mai kallo take. Ido ya dace da zargi, kai ya dace da tunani, sai zuciya ta riƙe misalan da suka yi daidai ta watsar da sauran. A 2000 Scott Lilienfeld da James Wood da Howard Garb suka bi binciken da aka tara na gomman shekaru, suka yanke cewa fassara alama ɗaya-ɗaya a zanen mutum ba ta da madafa. Ɗan abin da ya tsira shi ne kallon zanen gaba ɗayansa, wanda wani lokaci yakan ɗan bambanta mai damuwa da mai lafiya. Shi ma iya zane yakan shiga ya rikita lissafin, wanda hannunsa bai faɗa ba sai ya fito a matsayin mara lafiya.

To me ya sa wanda aka yi wa gwajin yakan ce wallahi an faɗi gaskiya? Bertram Forer ya amsa wannan tun 1948. Ya yi wa ɗalibansa 39 gwajin hali, bayan mako guda ya miƙa wa kowa takardar sakamako da sunansa, ya ce su ba ta maki daga 0 zuwa 5 gwargwadon yadda ta dace da su. Matsakaicin makin ya kai 4.3. Sai daga baya ya bayyana musu cewa takarda iri ɗaya ya ba kowa, kuma yawancin jimlolin daga wani littafin taurari ya tsinto su: cewa kana son mutane su so ka, kana yawan ganin laifin kanka, kana da baiwar da ba ka yi amfani da ita ba. Bahaushe ba baƙon wannan ba ne. Mai bugun ƙasa ya share rairayi, ya ɗiga layukansa, ya ce akwai mai yi maka dariya a fuska yana ƙin ka a zuci, akwai alherin da ke tafe an tsaya masa a hanya, kuma kai mutum ne da ba a saka maka da abin da kake yi wa mutane. Wa zai ce ba shi ba ne? Ɗan bokon da ba zai taɓa durƙusawa gaban mai duba ba, don addini ko don wayewa, shi ne kuma zai tura wa abokai gwajin bishiya saboda an ce daga masana ya fito.

Wannan duk a ƙasashen da aka ƙirƙiri gwajin ke nan. In aka kawo shi gaɓar gulbin Sakkwato, matsalar ninkuwa take yi.

A fara da gida. Littattafan fassarar da gidan Bature a zuci aka rubuta su: rufi mai tsini, tagogin gilashi masu labule, 'yar hanya daga titi zuwa ƙofa, da bututun hayaƙi a sama, wanda ake cewa hayaƙinsa yana nuna ɗumin zaman iyali ko rikicin cikin gida. Shinge a wurinsu alamar tsoro ce, rashin taga alamar gudun mutane. Yaron Bakura da zai zana gidansu tsakani da Allah, katanga zai fara ja ko dangar kara, ya sa zaure, ya jera ɗakuna masu 'yar taga can sama ko babu ma, ya sa rumbu da turken awaki. Katangar nan sutura ce, gidan da ba shi da ita shi ake tambayar lafiya. Ɗan Fulanin da ya tashi a ruga bukka zai zana, ba taga ba hanya. Akwai kuma abin da kowane malamin firamare ya sani: yara da yawa ba gidansu za su zana ba, gidan da suka gani a littafin karatu za su kwaikwayo, mai rufin kwano da taga biyu, domin a wurinsu wannan ce amsar da malam ke so. Sai a zauna ana fassara halin wanda ya yi hoton littafi. Kuma gida a wannan yanki ba ƙaramar magana ba ce. Ruwan madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, ya ci ƙauyuka da gonakin dubban mutane a ƙasar Maradun, yanzu kuma 'yan bindiga sun tashi wasu garuruwan. Yaron da iyayensa suka yi hijira in ka ce masa zana gida, wanne kake nufi, wanda aka baro ko kangon da ake kwana a ciki?

Bishiya ma haka. A littafin, bishiya mara ganye baƙin ciki ce da mutuwar zuciya, yankakken reshe ko rami a jikinta kuwa wani mugun abu ne da ya taɓa samun mai zanen. Har lissafi ake yi, a auna nisan ramin daga ƙasa a ce a shekara kaza abin ya faru. To kuka fa? Duk rani tsirara take, ga kogo a cikinta. Gawo da damina yake zubar da ganye, lokacin da kowane itace ke kore. Giginya ba ta da reshe ko ɗaya. Itatuwan gona kuwa masu kiwo da masu neman makamashi sun sassare su, haka yaro ya buɗe ido ya gan su. Wanda ya zana abin da ke bakin gonarsu a watan Maris zai fito mai ciwon zuciya, wanda ya zana mangwaron lambu ya fito mai walwala. Ko a Turai sun san irin itacen gari yana shiga cikin zane: Koch cewa yake a zana itacen marmari, a Faransa kuma akan ce a zana kowace bishiya ban da irin ta Kirsimeti.

A zanen mutum ne abin ya fi tsanani. Yarinyar da ta zana mahaifiyarta cikin hijabi har ƙasa gaskiya ta zana, amma a ma'aunin Goodenough ta rasa makin wuya da na kunne da na gashi da na yatsu. Haka yaron da ya zana hakimi cikin babbar riga da rawani. Wanda ya zana ɗan sanda ko ɗan ƙwallo, ga bel ga takalmi ga gwiwa a waje, shi zai kwashe maki. In aka koma ma'aunin Machover, ɓoyayyen hannun nan ya zama jin laifi, kau da fuska ya zama gudun jama'a, alhali a gidan da yarinyar ta fito kunya ce, kuma da ita ake yabon tarbiyya.

Sannan ga maganar addini, wadda littattafan ba su san da ita ba sam. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar yin hotuna ya je wa Abdullahi ɗan Abbas, ya gargaɗe shi, ya ce masa in ya zama dole to ya tsaya ga bishiya da abin da ba shi da rai. Malamai sun yi saɓani a kan iyakar hanin. A mazhabar Malikiyya an fi tsanantawa a kan cikakkiyar siffa mai inuwa fiye da zanen da ke shimfiɗe a takarda, kuma an yi sauƙi a kayan wasan yara. Ba fatawa nake bayarwa ba. Abin da ya shafe mu shi ne abin da yaro ya ji a Islamiyya, kuma da yawansu abin da suka ji shi ne zana mai rai haramun ne. A wannan jiha tamu, wadda ta riga kowa ƙaddamar da shari'a a Oktoban 1999, ba za a ɗauki wannan da wasa ba. Irin wannan yaro in an matsa masa, zai zana mutum ba ido ba baki, ko ya ja layi ya raba kai da gangar jiki, ko ya ƙi zanawa gaba ɗaya. A littafin fassara kuwa waɗannan suna cikin alamomin da ke tayar da hankali. Yaro ya kiyaye abin da malaminsa ya hana, a rubuta masa ciwo.

Hatta wurin da aka ajiye zanen a takarda an ba shi ma'ana, wai hagu jiya ce dama gobe, wanda ya raɓe a hagu yana manne da abin da ya wuce. Daga rubutun boko mai tashi daga hagu aka samo wannan, almajirin da hannunsa ya saba da allo kuwa daga dama yake farawa. Ƙaramin zane a lungun takarda an ce raina kai ne, amma yaron da ya taɓa shan duka don ya ɓata littafin rubutu ya san takarda kuɗi ce. Danna fensir da ƙarfi an ce fushi ne, ba a tuna da hannun da ya fi sabawa da fartanya ba. A gwajin iyali, nisan yaro da uwarsa rashin shaƙuwa ne, layin da ya raba mutane ɓaraka ce, wanda aka bari ba a zana ba ƙin sa ake yi. Ɗan fari, wanda uwarsa ba ta kiran sunansa don kunya, wanda watakila kaka ko goggo ce ta riƙe shi, ina zai ajiye uwar? Maigida yana zaure, mata suna tsakar gida, kuma bango ne na gaske a tsakani. Gida mai mata uku da 'ya'ya 20 takarda ba za ta ɗauke shi ba, dole a bar wani. Kada kuma a ce mutanenmu ba su iya zane ba. Mai zayyanar allo, mai ɗinkin hula, mai ƙunshin amare, mai sassaƙa ƙwarya, maginin da ke fitar da dagi a fuskar soro, duk gwanayen layi da daidaito ne. Gwajin ne ba shi da maki a kan irin gwanintarsu.

An auna wannan tun da jimawa. Wayne Dennis, Ba'amurken da ya koyar a Beirut, ya tara sakamakon gwajin Goodenough daga rukunin yara 40 a sassan duniya, ya buga a 1966. Yaran unguwannin masu hali a Amurka da Ingila, da na wani ƙauyen masunta a Japan, da na ƙabilar Hopi a Amurka, matsakaicin makinsu ya haura 120. Yaran Larabawa makiyaya na hamadar Siriya da na ƙabilar Shilluk a Sudan suka tsaya a 50 da 'yan kai, adadin da a takarda yake nufin naƙasar ƙwaƙwalwa. Ba yadda za a yi al'umma guda, mai raya iyali da dabbobi a hamada, ta zama duk naƙasassu. Abin da Dennis ya gani shi ne makin yana bin yawan hotunan da yaro ya saba gani da yi. Malik Badri, masanin nan ɗan Sudan da ya rasu a 2021, ya yi aiki da Dennis a kan zanen yaran ƙasarsu a shekarun 1960, har ya gwada sa yaran karkara su yi zane da yatsa, ganin fensir baƙo ne a hannunsu. A 1979 ya rubuta littafinsa da ya shahara, yana jan kunnen masana Musulmi a kan kwaso ma'aunin Turawa ba tacewa. A Nijeriya, C. G. M. Bakare na Jami'ar Ibadan ya nuna a 1972 cewa 'ya'yan masu hali sun fi 'ya'yan talakawa maki a gwajin. A 1981 Peter Ebigbo da G. I. Izuora suka daidaita wani nau'insa a Inugu, kuma har yau likitocin yara a ƙasar nan suna amfani da shi a bincike. Aiki ne mai kyau, sai dai girman fahimta yake aunawa ba hali ba, kuma ma'aunin ɗan Inugu ba lallai ya yi wa ɗan Rini ko ɗan Janbako daidai ba.

Ba wai zane ba shi da wuri a asibiti ba. Likita kan sa tsoho ya zana agogo ya ɗora hannuwansa a ƙarfe kaza don gano alamun ciwon mantuwa, domin aikin yana buƙatar tsari da tunawa. Wannan ƙwaƙwalwa yake dubawa, kuma ga tsohon da bai taɓa riƙe fensir ba ba shi da amfani. Shi ya sa Olusegun Baiyewu da abokan aikinsa a Ibadan suka fito a 2005 da gwajin tsinken ashana huɗu, a jera su a wata siffa tsoho ya kwaikwaya. Irin wannan gyara nake fatan gani daga masananmu na Sakkwato da Gusau.

Babban mutum mai neman sanin kansa fa? Niyyarsa mai kyau ce, hanyar ce ba ta ɓullewa. Da Bahaushe ya ce hali zanen dutse ne, nufinsa abu ne mai maimaita kansa tsawon shekaru, abin da hannu ya ja cikin minti biyar kuwa yunwa ma tana canza shi. Binciken Simine Vazire na 2010 ya nuna mutum ya fi kowa sanin abin da ke ɓoye a cikinsa, irin su fargaba da damuwa, amma abokansa sun fi shi ganin abubuwan da son kai ke rufe masa ido a kansu, irin su gwargwadon basirarsa. Anthony Kirk-Greene, a bayanin da ya buga a 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafo gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Kusan babu ɗaya a cikinsu da ake iya nunawa a ɗaki kai kaɗai. Amana sai an ba ka ajiya, haƙuri sai an taka ka, karamci sai baƙo ya sauka. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya tambayi wani da ya zo shaidar mutum ko maƙwabcinsa ne, ko sun yi tafiya tare, ko sun yi hulɗar kuɗi, da ya ce a'a sai ya ce masa ai bai san shi ba. Wanda kuke raba ruwan magudana ɗaya da rani a Bakolori, da abokin cinikinka na kasuwar Talata, da matarka, kowannensu yana da bayanin halinka da ya fi na Machover inganci. Matsalar dai amsarsu ba ta da daɗin ji, kuma ina zargin shi ya sa aka fi son takarda.

In kana sha'awar zanen, ka yi. Zana gidan da ka tashi, ka sa kowa inda yake zama. Ta yiwu ka yi mamakin wanda ka fara sawa da wanda ka mance. Amma kai za ka faɗi dalili, littafin da aka rubuta a Amurka bai san goggonka ba.

Wannan shi ne amfanin da na ambata tun farko, kuma ga yara ya fi ƙarfi. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, ranar 2 ga Maris aka dawo da ɗalibai 279. A tsakiyar Agustan shekarar aka kwashi ɗalibai 15 da wasu ma'aikata daga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka sace ɗalibai sama da 70 a sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙasar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar. Waɗannan su duniya ta ji labarinsu. Bayansu akwai yaran ƙauyukan da suka kwana a daji, suka ga an kore shanu, suka ga gawa. Yaro ba ya zama ya tsara labari kamar babba, balle a al'adar da ba a kallon manya ido cikin ido, kuma mai kuka haƙuri ake ba shi.

A 1998 Julien Gross da Harlene Hayne na Jami'ar Otago a ƙasar Niyu Zilan suka sa yara 'yan shekara 3 zuwa 6 su ba da labarin lokacin da suka yi farin ciki ko baƙin ciki ko tsoro. Waɗanda aka ba dama su riƙa zane suna magana sun faɗi fiye da ninkin abin da sauran suka faɗa. Daga bakin yaran bayanin ya fito, ba wanda ya fassara musu layi. Hannu yana aiki, ido yana kan takarda ba kan fuskar babba ba, sai harshe ya saki. A 2005 Annie Sparrow da Olivier Bercault na ƙungiyar Human Rights Watch suka ba yaran Darfur takarda da fensiran launi a sansanonin Chadi, don su sami sukunin hira da iyayensu. Ba wanda ya gaya wa yaran abin da za su zana, suka zana jirage suna jefa bam, mahaya dawakai da raƙuma, da bukkoki suna cin wuta. A 2007 ƙungiyar Waging Peace ta tara irin waɗannan kimanin 500, kotun duniya mai hukunta manyan laifuka ta karɓe su a matsayin hujjar da ke bayyana yanayin da aka yi ta'asar. Ba wanda ya ce yaran masu son tashin hankali ne don sun zana bindiga, shaida suka bayar. Yaron Maradun da ya zana jerin babura, kowanne da goyon mutum biyu da bindiga a kafaɗa, haka ya kamata a ɗauke shi.

Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, kuma asibitin tarayya na wannan fanni mafi kusa da mu yana Kware, gaban Sakkwato. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta tanadi kare mutunci da sirrin mara lafiya, amma doka ba ta kawo likita Faru ko Damri. Aikin a hannun malaman makaranta da iyaye da ma'aikatan ƙananan asibitoci zai faɗa, kuma su ne waɗanda gwajin waya ya fi sauƙin ruɗawa.

Don haka malamin da zai raba takarda a aji ya ce kowa ya zana abin da ya ga dama, kada ya ce a zana ranar da aka kawo hari. Wanda ba ya son zana mai rai a bar shi. In yaro ya gama, a zauna kusa da shi a tambaya: wane ne wannan, me yake yi, sai me ya faru? In ya yi shiru a ƙyale shi. Kada a ba da maki, kada a rubuta wa yarinya sunan ciwo a takardunta na makaranta, domin kalmar taɓin hankali za ta bi ta har ranar neman aurenta. Kada a ɗauki hoton zanen a sa a Facebook. A garin da zargin infoma ke iya cin rai, zanen da ya nuna kamannin wani ko gidan wani ba abin liƙawa a bango ba ne. Abin da za a sa wa ido a rayuwar yaron yake: rashin barci, firgita da jin ƙarar babur, komawa fitsarin kwance bayan ya daina, ƙin abinci, daina magana da wasa. In an haura wata guda abin bai lafa ba, a kai shi babban asibitin Talata Mafara ko asibitin tarayya na Gusau, su tura shi Kware in sun ga da buƙata.